Kurakuran da muke yi wajen kashe ƙwan tsutsar ciki da ire-irensa

Da yawanmu mun ɗauka da zarar an ɗiga Hypo ko an jefa ƙwayar Aquatabs a ruwa shikenan an gama da cuta. To ga kwalara da taifot kam kulorin, wato sinadarin da ke cikin waɗannan magungunan, na aiki sosai. Amma akwai wasu ƙananan halittu masu zama a hanji, irin su Giardia da Cryptosporidium da amiba mai sa atini da ƙwan ita kanta tsutsar ciki, su in za su fito cikin bayan gida a lulluɓe suke fitowa da wani ɓawo mai tauri, kuma wannan ɓawon shi ne yake hana magani ratsa su.

A ruwan sha aka fi tafka kuskuren. In akwai miligiram 1 na kulorin a litar ruwa, Giardia sai ta yi wajen minti 45 kafin ta mutu, mu kuwa ana zubawa ana motsawa sai a kai baki. Ita Cryptosporidium ma ba a magana, tana wuce kwana 7 a irin wannan ruwan da ranta. A 1993 ta kwantar da mutum sama da 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka, kuma ruwan famfo ne fa wanda aka sa wa magani. Gyaran dai tafasawa ne, a bari ya tafaso sosai yana ɓulɓula har minti ɗaya cif, ba wai ya fara ƙara a sauke don gawayi ya yi tsada ba. Sai kuma a ga an sha wannan wahalar an juye a randa, yaro ya taso daga wasan ƙasa ya zurma moɗa har da hannunsa ciki, aiki ya dawo sabo.

Ruwa mai laka kuma cinye kulorin yake yi, a fara sa alam ya kwanta tukunna. Tacewa da kallabi ko rariya datti kawai take tarewa, waɗannan halittun sai da madubin likita ake ganinsu, wucewarsu suke yi abinsu.

Wasu kuma sai su ce ai na sa a firij. Sanyi adana su yake yi, Giardia tana yin makonni a ruwan sanyi lafiya lau, don haka ƙanƙarar da ake jefawa a zoɓo in ruwanta ba mai kyau ba ne daskarewa ba ta wanke shi ba. Haka sanitaizan nan da muka saba da shi tun korona, ba ya kashe Cryptosporidium, in an wanke wa yaro kashi sabulu da ruwa ne, a cuɗa har ƙarƙashin farce.

Latas da kabeji ma, jiƙawa a ruwan gishiri na minti biyu kwantar da hankali ne kawai. Ƙwan tsutsar ciki yana da danƙo yana manne wa ganye, a ƙasa kuwa shekaru yake yi bai mutu ba. A ɓare ganyen ɗaya bayan ɗaya a murza ana kwarara ruwa mai tsabta, in don ƙananan yara ne ni dai gara a dafa.

Masu kiwon kaji su ma sun san zancen, kaji su yi ta kashin jini, a kwashe su a fesa Izal ɗaki ya ɗau ƙamshi, a zuba sababbin 'yan tsaki ciwon ya dawo. Ƙwan wannan cutar ba kowane maganin feshi ke kashe shi ba, danshi yake so. A kwashe tsohon buntu ko garin katakon kaf, a kankare daɓen, a kwarara tafasasshen ruwa, a bar ɗakin ya bushe ƙayau kafin a sa wasu, a kuma gyara mazubin ruwan da ke yoyo. Magani mai amoniya yana kashe ƙwan, amma kar a kuskura a haɗa amoniya da Hypo ko Jik, iskar da suke fitarwa guba ce, a rufaffen ɗaki tana iya kai mutum asibiti.