Yadda za ka fara kallon kaboyin barkwanci na Italiya

Ƙanina ya same ni a shago nan Faringada yana cewa wai shi kaboyi ba ya burge shi, harbi ne kawai da ƙura. Na ce masa ai ba ka shigo ta ƙofar da ta dace ba ne, zauna in nuna maka.

Da farko ka riƙe sunan mutum biyu, Terence Hill da Bud Spencer. Kar sunan ya ruɗe ka, duk 'yan Italiya ne, Mario Girotti da Carlo Pedersoli. Hill shi ne siririn mai wayo da saurin hannu, Spencer kuma ƙato mai gemu wanda kullum fuska a murtuke, kuma wallahi kafin fim ɗan wasan ninƙaya ne, har gasar Olamfik ya je a 1952 da 1956, in ka ga jikinsa ba za ka yarda ba.

Ka fara da They Call Me Trinity na 1970. Kar ka tsallake farkon nan don Allah, inda doki ke jan Trinity, wato Hill, yana kwance yana barci abinsa, ya shiga wani gidan abinci duk datti ya share kaskon wake shi kaɗai har da suɗe ƙasan da burodi. In wannan bai sa ka dariya ba to bar shi kawai. Sai yayansa Bambino, wato Spencer, ɓarawon dawakai da ya maida kansa ɗan sandan gari na ƙarya, su biyu suka tsaya wa wasu manoma da ake zalunta. Washegari ka ɗora da Trinity Is Still My Name na 1971, nan ne ake marin mutum a zaro bindiga a mayar a sake marinsa kafin ya ƙifta ido.

Ba jini ake zuwa gani ba fa. Mari ne da naushi, da dundun nan da Spencer ke sauke wa mutum a tsakar ka kamar taɓarya, bos ya sha duka ya tashi da ƙafarsa. Kuma in ka ga baki bai dace da magana ba, ba wayarka ba ce, daga baya ake ɗora muryar.

My Name Is Nobody na 1973 ka ajiye shi ƙarshe. Babu Spencer a ciki, Hill ne da Henry Fonda, kiɗan kuma na Ennio Morricone, yana da sanyi da ɗan tausayi, sai ka saba da Hill zai shige ka sosai.

Ni dai ban yarda a kalle su mutum ɗaya a waya ba. Ka sauke su tun da rana, ka zuba mai a janareta ko da za a ɗauke wuta, ka kira su Baba don su ne suka san zamanin silima, a dafa garau-garau mai yawan wake, ga sanyin Jos kowa da bargonsa. Ƙanin nawa dai yanzu Bambino yake kiran yayanmu.