Kurakuran da masu horar da matasan injiniyoyi suka fi yi kafin rajistar COREN

Ran Litinin da ta wuce wani matashi ya same ni a ofis, nan Kakuri, riƙe da rahoton aikinsa na neman rajistar injiniya, mai shafi 60, da aka yi wa bango mai kyau. Ya gaishe ni, ya ce, "Yallaɓai, ogana ne ya ce in kawo maka ka sa hannu, shi ya riga ya sa nasa." Ban taɓa ganin yaron ba. Na tambaye shi ko ogan nasa ya karanta rahoton, sai ya sunkuyar da kai. Ogan nan a hannuna ya tashi, bai fi shekara 3 da samun rajista ba, ga shi har ya fara maimaita abin da ya taɓa zubar mini da mutunci. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan ke nan. Masu neman rajista za su tsinci abin amfani a ciki, amma da mu masu riƙe da hannunsu na fi yi, musamman waɗanda suka fara karɓar yara kwanan nan.

Tun 1970 doka ta kafa COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, aka yi wa dokar gyara a 1992, aka sake wani gyaran da aka sa wa hannu a 2019. Hukumar ce ke ba mutum izinin kiran kansa injiniya a Najeriya. NSE kuwa ƙungiyarmu ce ta injiniyoyin Najeriya, ta ma girmi hukumar, don tun 1958 take. Mai digirin injiniya yana buƙatar aƙalla shekara 4 yana aiki bayan kammala karatu kafin ya nemi rajista. Ba don a ƙirga watanni aka sa shekarun nan ba. An sa su ne don wani babba ya ga aikin yaro da idonsa, har ya iya tsaya masa. Yawancin kurakuranmu daga mance wannan suke tasowa.

Mafi muni shi ne sa hannu a kan aikin da ba ka gani ba. Na yi shi sau ɗaya, har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

Ɗan wani maƙwabcinmu ne a Tudun Wada, mahaifinsa dattijon kirki, sahu ɗaya muke salla. Ya tako har gida bayan isha'i, ya ce, "Injiniya, ga ɗanka nan, ka taimaka masa." Yaron ya kawo rahoto a kan wata kwalbati mai baki biyu da ya ce shi ya kula da aikinta. Na duba na ga lissafin bai zauna ba, zanen rodin bai yi daidai da abin da aka rubuta ba. Maimakon in mayar masa, sai nauyin mahaifinsa ya kama ni. Na yi dare uku ina gyara, na sake lissafin, na daidaita zanen, na sa hannu. A raina taimako na yi.

Ranar intabiyun neman rajista aka tambaye shi dalilin da ya sa rodin ƙasan dekin ya fi na sama kauri a tsakiya. Shiru. Aka tambaye shi abin da gwajin kankare na kwana 7 ya nuna, da yadda za a hango na kwana 28 daga gare shi. Duk wanda ya taɓa kai samfuri ɗakin gwaji ya san na kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na cikakken ƙarfin. Bai sani ba. Ashe sau biyu kacal ya taɓa zuwa wurin aikin, rahoton ma na wani abokinsa ne ya canza suna. Da yamma ɗaya daga cikin masu tambayar, wanda ya girme ni a sana'a nesa ba kusa ba, ya kira ni. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Injiniya, ka ga kwalbatin nan da idonka?" Na ce ban gani ba. Ya ce, "To, me ka shaida?" Ya kashe waya.

Na biya kuɗin wannan kuskure da tsada. Na daɗe ina ganin duk takardar da ke ɗauke da sa hannuna sai an ƙara tona ta, kuma yaran da suka yi aikin gaskiya a hannuna su suka sha wahalar. Dattijon nan ya ɗauka ban yi ƙoƙari ba, muka yi wata da watanni gaisuwa sama-sama. Shi kuma yaron na cuce shi, don kayan aro ba ya rufe katara, ni kuma na aro masa riga na tura shi cikin taro.

Kai da ke sa hannu don kar a ce ka yi girman kai, ka san abin da kake yi kuwa? Shaida kake bayarwa cewa gobe za a iya danƙa wa mutumin nan hatimi ya buga a zanen bene, mata da yara su kwana a ƙarƙashinsa. Muna jin labarin gine-ginen da ke rushewa a Legas da Abuja da Jos muna salati, alhali wasunmu da alƙalaminsu suka buɗe ƙofar. Kunyar maƙwabci ba uzuri ba ce. Ni yanzu ƙa'idata ɗaya ce: ba na sa hannu sai na taka wurin aikin, ko da an gama shi, mai rahoton ya tsaya ya nuna mini da yatsa inda ya yi abin da ya rubuta. Kuma na daina taɓa rubutun kowa. Jan biro nake sawa in ja layi, in rubuta tambaya a gefe, ya je ya nemo amsa. Wasu abokan aikina suna ganin na tsananta, suna cewa hoto ya isa. Ni dai hoto bai ishe ni ba.

Na biyu, barin yaro ya yi shekara 4 bai rubuta komai ba. Wannan a kaina ya fara faɗawa tun ina ƙarami a aiki. Na yi shekara 5 a wani kamfanin hanya, na zuba kwalbatoci, na gwada daddaɓewar jan ƙasa ba adadi, ina cewa ai komai yana cikin fayil a ofis. Kamfanin ya rufe, aka kwashe takardu, wanda ya kula da ni ya bar ƙasar. Na zauna rubuta rahoto na rasa ko kwanan wata ɗaya da zan dogara da shi. Sai da na ƙara shekara 3 kafin na samu rajista, waɗanda muka gama ABU Zariya tare suka wuce ni a matsayi ina kallo. Babu wanda ya taɓa ce mini in riƙe littafi, kuma laifin da nake ganin manyan yau suna maimaitawa ke nan. A Kaduna kuwa wa zai ce bai san kamfani na rufewa ba? Ga masaƙun Kakuri nan muna wucewa ta gabansu kullum.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya zo hannuna, ranar farko nake ba shi littafi mai kaurin bango. Kowace rana ya rubuta kwanan wata, wurin aiki, abin da aka yi, matsalar da ta taso, shawarar da shi ya yanke da dalilinta. Layi biyar ya isa. Misali: ruwan daren jiya ya jiƙa yashi, na rage ruwan kwaɓi, na sake gwada laushin kankaren kafin a zuba. Irin wannan layin shi ne zinariyar rahoto, don yana nuna kan mutum yana aiki. Ya ɗauki hoton rodi kafin a rufe shi da kankare, ya ɗauki hoton takardar sakamakon gwaji, ya tura wa kansa ta imel a ranar, saboda waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Asabar ta ƙarshen kowane wata, bayan la'asar, sukan zo gidana su uku ko huɗu, maza da mata, a zaure muke zama. Kowa ya buɗe littafinsa, in karanta, in sa hannu da kwanan wata. Wanda ya zo da shafi fari wata biyu a jere, nakan ce ya nemi wani.

Amma littafi ba ya cika in ba ka ba yaro aikin da zai rubuta ba. Nan ne raina ke ƙara ɓaci. Injiniya mai digiri ya yi shekara 3 a hannunka, aikinsa ƙirga buhunan siminti, biyan leburori, kai takarda ma'aikata, wani lokaci har ɗauko yaranka daga makaranta. Sannan ka ce yaran yanzu ba su iya komai ba. Wa ya hana su? Ka ba shi ginshiƙi ɗaya ya yi lissafinsa, ka duba. Ka bar shi ya jagoranci taron wurin aiki kana zaune a baya. Ka sa shi ya fitar da kuɗin aiki, ya zauna da ɗan kwangila. Bari ya yi gardama da birkilan da ya girme shi da shekara 30 a kan kwanon sarki nawa na tsakuwa za a zuba, ya koyi yadda ake tsayawa a kan gaskiya ba tare da raina babba ba. In ofishinka zane kaɗai ake yi, ka roƙi abokinka mai aikin fili ya karɓe shi wata 6. In kuma fili kaɗai ne, ka tura shi inda ake zane.

Akwai wani abu da ya shafe mu Hausawa musamman. An tarbiyyantar da mu kan kada mutum ya yabi kansa, don haka yaranmu ke cika rahoto da "mun yi", "aka yi", "kamfani ya yi". Masu intabiyu ba kamfani za su yi wa rajista ba. Wata yarinya mai ƙoƙari da ta kula da shimfiɗa bututun ruwa ta rubuta shafi 40 babu "na yi" ko ɗaya. Na ce mata, "Wa ya gano bututun zai ci karo da magudanar ruwa?" Ta ce, "Ni ce, Baba." Na ce, "Wa ya kawo shawarar a sauya masa hanya?" Ta ce ita ce. Na ce to ta rubuta hakan, ba alfahari ba ne, faɗin gaskiya ne. Tun daga nan nake zaunar da kowa in yi masa intabiyun gwaji sau biyu, da Turanci tunda da shi za a yi, amma nakan fara da cewa ya bayyana mini aikin da Hausa. Wanda ya iya yi wa mahaifiyarsa bayanin dalilin sa rodi a kankare ya fahimci abin. Wanda ya hardace kuwa nan take yake kakarewa.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata lokaci. Kada ka bari yaronka ya liƙa "Engr." a gaban sunansa a kati ko a Facebook kafin rajista ta fito. Mai HND daga Kaduna Polytechnic ko wata makarantar, ka zauna da shi tun farko ku duba rukuninsa, domin COREN rukuni huɗu take yi wa rajista, na injiniyoyi, na masana fasaha, na masu taimaka musu da na masu sana'ar hannu, kowanne da sharuɗɗansa. A duba suna a duk takardu: Muhammad a digiri, Mohammed a takardar bautar ƙasa, a gyara da wuri. In kai na gine-gine ne, kada ka tsaya wa na lantarki a kan taransifoma, ka haɗa shi da ɗan fanninsa. Sharuɗɗa da kuɗin fom suna sauyawa, a duba shafin hukumar ko a je reshen NSE na Kaduna, kada ka ba shi labarin yadda aka yi a zamaninka. Ka yi masa tambaya a kan amanar sana'a, kamar me zai yi in mai gini ya ce a rage rodi. Sannan ka sabunta lasisinka kafin ka tsaya wa wani, ni a watan Janairu nake biyan nawa.

Shi kuwa matashin ran Litinin, ban sa hannu ba, ban kuma kore shi ba. Aikin da ya rubuta magudanar ruwa ce a wajen Rigasa. Na ce ya zo da zanen da takardun gwaji ran Asabar da ƙarfe 8 na safe mu tafi tare, na kuma kira ogansa na ce shi ma ya same mu a can.