Yadda na gyara agogon mai na Peugeot 504

Peugeot 504 ɗin da Baba ya bar mana a Daura, haɗin Kaduna, allurar agogon mai ta kafe a rabi, ko tanki cike ko wayam. Sau biyu mai na yanke mini a hanyar Katsina.

Kan batir na fara cirewa. Na kwance allon agogunan, na zura hannu ta baya na saki wayar agogon gudu, don ita ke riƙe shi. Kowace waya sai da na liƙa mata lamba kafin na zare.

Ashe wayar at, wadda ke haɗa agogon da ƙarfen jikin mota, ita ce tsatsa ta ci. Na kankare, na ɗaure tamau. Mayarwar ce ta ba ni wuya: wayar gudun ta ƙi zama, sai da ƙanena ya turo ta ta wajen inji. Ina murɗa makulli allura ta motsa.