Kurakuran da ke kashe bincike tun kafin a zo wajen lissafi

Duk shekara idan lokacin kare furojet ya matso, wayata ba ta hutawa. Daga Samaru har Shika, magana ɗaya ce: "Malam, na gama tara data, lissafin kawai ya rage, jibi zan kai wa sufabaiza." Sai a miƙo min filash. Na daɗe ina taya ɗalibai nazarin alƙaluma, kuma abin da na fi cin karo da shi shi ne aikin ya riga ya mutu kafin ya iso teburina. Ronald Fisher, Baturen da ya tsara yawancin ƙa'idojin gwaji a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya taɓa faɗa a 1938 cewa kiran masanin ƙididdiga bayan an gama gwaji tamkar kiran likita ne ya duba gawa, iyakarsa ya faɗi abin da ya yi ajalinta. Mu dai mun san ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwaji ba tare da abin kwatantawa ba. Wata ɗaliba ta zo min da hotunan farantan da ta raini ƙwayoyin cuta a ciki. Ta jiƙa ganyen sabara a sinadarin itanol, ta ɗiga a ƙananan ramuka, washegari ta tarar kewayen kowane rami ya yi fes. Fuskarta cike da murna ta ce, "Malam, ka gani, ya kashe su." Na ce, "Malama, ina ramin da kika ɗiga itanol ɗin shi kaɗai, babu ganye?" Ta yi shiru. Ai itanol da kansa yana kashe ƙwayoyin cuta, shi ne a cikin abin goge hannu da muka yi ta shafawa lokacin korona. To wa ya yi kisan, sabara ko ruwan jiƙon? Farantinta ba zai iya faɗa ba. Gyaran ba tsada gare shi ba: kowane faranti ya samu rami na jiƙon ganye, rami na ruwan jiƙon zalla, da rami na maganin asibiti da aka san ƙarfinsa. Sannan a kai ganyen ɗakin adana tsirrai na jami'a a tantance shi a ba shi lamba, domin sunan da ake kiran tsiro da shi a Zariya yana iya zama na wani tsiro dabam a Sakkwato. Kuma ko sabarar ce ta yi kisan, kada a rubuta cewa an gano magani. Ruwan bilic ma yana kashe su a faranti, ba wanda zai ba marar lafiya ya sha.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1747 wani likitan jirgin ruwa, James Lind, ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da cutar da ke sa dasashi ya kumbura yana jini, wadda yanzu muka san rashin bitamin C ke kawo ta. Ya raba su biyu-biyu, wurin kwana ɗaya, abinci ɗaya, kowane rukuni da nasa magani. Biyun da ya ba lemu da lemun tsami su suka farfaɗo. Da dukkansu ya ba lemun, da ba shi da abin da zai nuna wa kowa.

Bayan an yarda a raba rukuni biyu, sai tambayar wa zai shiga wane. A nan zuciya take yi wa mai bincike wayo ba tare da ya sani ba. Ɗalibin noma zai zuba sabon takinsa a kunyoyin da ke gangare wajen fadama, inda ƙasa ke riƙe laima, ya bar na tudu babu taki, sannan ya ce taki ne ya sa masara ta yi kyau. Ɗalibin likitanci zai ba majinyatan da suka fi kuzari sabon tsari, don yana tausayin masu jin jiki. Maganin wannan ƙuri'a ce. A rubuta lambobin kunyoyi a 'yan takardu, a zuba a hula, a girgiza, wani ya zaro. Idan gonar tana da gangara, a yanka ta gida-gida daga tudu zuwa ƙasa, a yi ƙuri'ar a cikin kowane gida, yadda kowane taki zai samu rabonsa na tudu da na kwari. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, inda ake wannan aiki tun 1922, ya ga ƙananan alluna a bakin kowace kunya. Ta irin wannan tsari ne irin masara na SAMMAZ da wake na SAMPEA da gyaɗa ta SAMNUT suke bi, a wurare daban-daban, damina fiye da ɗaya, kafin su kai hannun manomi. A likitanci ma gwajin maganin tarin fuka da aka buga a Ingila a 1948 ya yi suna ne saboda an rufe rabon kowane majinyaci a ambulan, likita bai da ikon zaɓa.

Akwai wani kuskure da ko manya yakan kama, kuma shi ya fi ba ni wahalar bayani. Wani ɗan'uwa mai digiri na biyu ya gwada sabon haɗin abincin kaji. Kaji 40 a ɗaki ɗaya suna cin sabon haɗi, 40 a ɗaki na biyu suna cin tsohon. Ya auna kowace kaza, ya ce yana da samfur 80. Na ce masa biyu gare shi. Ransa ya ɓaci, ya ce, "Haba Malam, ni fa na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya na ɗora a sikeli." Na tambaye shi wane ɗaki ne ƙofarsa ke kallon gabas, inda iskar hunturu ke shigowa. Ya ce na biyu. To ka ji. Duk abin da ya sami ɗaki, sanyi ne, cuta ce, ko mazubin ruwa ne ya toshe kwana ɗaya, ya sami kajin cikinsa gaba ɗaya, kuma ba yadda za a raba tasirinsa da na abincin. Abin da aka yi wa ƙuri'a shi ake ƙirgawa, a nan kuwa ɗaki ne. Da ya yanka wurin keji 8, kaji goma-goma, ya raba abincin da ƙuri'a, da kajin nan 80 ɗin sun ba shi amsa. Haka ganye 10 daga tukunya ɗaya, haka 'yan aji ɗaya da malami ɗaya ya koyar. Su ma 'yan injiniya masu gwada tokar ɓuntun shinkafa a kankare su kula: curi uku daga kwaɓi ɗaya labarin kwaɓin nan kawai suke bayarwa, sai an sake kwaɓawa. Kuma kwana 28 da curin kankaren zai yi a cikin ruwa kafin a gwada ƙarfinsa kwana 28 ne. Idan ranar kare aiki ta matsa ka fasa a kwana 21, rubuta 21.

Ma'auni kuwa, a 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani da na mita. Namu ya fi kusa da gida. Ka tambayi manomi a Giwa ko Soba nawa ya samu, ya ce dami kaza, ko buhu kaza, ko tiya kaza. Mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, cikar buhu ma hannu-hannu ce. Tafi da sikeli ka auna kaɗan a kowane gari. Girman gona ma ka zagaya ta da manhajar waya, don da yawa eka da hekta duk ɗaya suke kiransu, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Masu takardar tambayoyi, musamman a fannin halayyar ɗan Adam da lafiyar al'umma, nasu ciwon harshe ne. A sauko da tambayoyin da aka tsara a Amurka, ɗalibi ya tsaya gaban tsohuwa a Tudun Wada yana fassarawa da ka, kowane gida da irin fassarar da ta zo bakinsa. Turanci ya raba kalmomi uku ko huɗu inda mu muke cewa damuwa. Ka ce wa mutum yana da basir, shi abin da yake nufi ya wuce abin da littafin likita ke nufi nesa ba kusa ba. A fassara takardar a rubuce, a ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a duba inda ma'ana ta zame, sannan a gwada ta a kan mutum 10 ko 15 kafin a buga ɗari uku. Wa ke tambayar ma abin dubawa ne. Namiji baƙo ya tambayi matar aure batun tazarar haihuwa uwar miji na zaune a gefe, amsar da zai samu ta ladabi ce. Fuskar mai tambaya kanta tana ba da satar amsa. An yi wani doki a Jamus da aka ce ya iya lissafi, yana buga kofato har ya kai adadin. A 1907 Oskar Pfungst ya nuna cewa dokin yana karantar motsin jikin mai tambayar ne, idan mai tambayar bai san amsa ba shi ma doki sai ya ɓata. Shi ya sa ake so mai aunawa kada ya san wane rukuni yake aunawa.

Yawan mutane kuma ba ya gyara zaɓen tumun dare. A 1936 wata mujalla a Amurka ta tara amsoshin mutum sama da miliyan 2 ta ce Shugaba Roosevelt zai faɗi zaɓe, sai ya lashe jihohi 46 cikin 48, domin waɗanda ta tambaya da waɗanda suka amsa ba su ne hoton ƙasar ba. Wanda ya tura tambayoyinsa a zaurukan WhatsApp ya ji ra'ayin masu waya da data ne. Wanda ya duba fayilolin asibitin koyarwa a Shika ya ga waɗanda ciwo ya tsananta har aka turo su ne, ciki har da na wasu jihohi. Ba laifi ba ne a yi aiki da su, laifin a sa wa aikin take da sunan mutanen Zariya baki ɗaya.

Sai batun haɗa abu biyu da suka zo tare a ce ɗaya ya haifi ɗaya. Za ka ji ana cewa sabuwar masara ke kawo zazzaɓi, kuma in ka zana jadawali za ka ga suna tashi tare a Agusta da Satumba. Damina ce ta kawo masarar, ita ta tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa. Kafin ka rubuta cewa kaza ya jawo kaza, zauna ka lissafo abu na uku da zai iya jan su biyun, ka tabbata ka auna shi tun farko.

Roƙon da ya fi sa ni jin nauyi shi ne, "Malam, a taimaka ya sauko ƙasa da 0.05." Wannan ita ce iyakar da aka saba sawa a gwajin lissafi: in sakamako ya sauko ƙasa da ita, sai a ce abin da aka gani ba dace ba ne kawai. Ana iya yi, shi ne abin tsoron. Ka raba maza da mata, ka cire mutum uku da suka ɓata maka lissafi, ka canza gwajin lissafi, wani abu zai faɗo. Idan ka yi gwaji 20 masu zaman kansu a kan abubuwan da ba su da wata alaƙa ko kaɗan, yiwuwar aƙalla ɗaya ya sauko ƙasa da wannan lamba ta kai kashi 64 cikin 100. Ba matsalar ɗalibanmu ba ce kaɗai. A 2015 wata babbar tawaga ta maimaita bincike 100 da aka buga a manyan mujallun ilimin halayya, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Rubuta babbar tambayarka da gwajin da za ka yi a babi na uku na kundinka kafin ka fita fili, ka tsaya a kai. Idan taki bai ƙara komai ba, ka ce bai ƙara ba, ka hutar da manomi kashe kuɗi.

Neman izini kuwa, mu nan Arewa ba ma buƙatar dogon wa'azi. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Tabon ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Takardar kwamitin ɗa'a, mai ba da izinin bincike a kan mutane, kafin a fara ake karɓarta, ba ranar ɗaure kundi ba, kuma bayanin a yi shi da Hausar da mutum zai gane, har da cewa yana da ikon ya ƙi.

Excel ma, da ake shigar da alƙaluma a kwamfuta, a sa masa ido. Yana cinye sifilin farkon lamba, ka rubuta 1-2 ya mayar maka kwanan wata. Masu nazarin ƙwayoyin gado sun sha wannan: sunan ƙwayar gado SEPT2 yakan koma 2 ga Satumba, wani nazari a 2016 ya sami irin wannan ɓarna a kusan ɗaya cikin biyar na takardun da ya duba, har a 2020 aka sauya wa wasu ƙwayoyin suna. Ajiye kwafin asali da ba ka taɓawa, ka tura wa kanka ta imel.

Ni ma na sha tawa. Ina digiri na biyu aka ɗauke wuta dare guda, akwatin ɗumin da ya kamata ya tsaya a digiri 37 ya huce, janareto ba mai. Da safe wuta ta dawo, na ce ai ba komai, ban rubuta ko'ina ba. Bayan mako uku na zauna da alƙaluma, zagaye ɗaya cikin huɗun gwajin ya fita dabam da sauran, na kasa tuna ko shi ne na daren nan ko wanda ya biyo baya. Sufabaiza ya juya littafin aikina shafi-shafi, ya kai inda ranakun suka yi tsalle, ya ɗora yatsa a wurin ya dube ni ta saman tabarau. Duka zagaye huɗun na sake, da kuɗin sinadarai daga aljihuna.