Yadda nake nemo kayan kafiretar tsohuwar Land Rover ta soja

Motata Land Rover ce doguwa, 109, Series III, mai injin fetur 2.25, irin waɗanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Ta soja ce da aka yi gwanjonta, ta bi hannu da yawa kafin ta iso gare ni a Kaduna. Da na saye ta, salansarta na aman baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi ƙirin cikin kwana biyu, ga shan mai kamar rijiya. Matsalar kafireta ce, wato na'urar da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji, kuma na sha yawon kasuwa kafin in gane inda nake kuskure.

Kuskuren shi ne zuwa kasuwa da sunan mota. Kada ka ce wa mai shago "kafiretar Land Rover nake nema". Motar da ta kai shekara arba'in ba lallai abin da ke kanta ya zama wanda ta fito da shi daga kamfani ba. Ka kwance kafiretar, ka wanke ta da fetur da tsohon buroshin haƙori, ka karanta abin da ke jikinta. Waɗanda aka yi kafin 1967 Solex ce a kansu, daga nan aka koma Zenith 36IV. Wasu kuma wani bakanike ya riga ya ɗora musu Weber 34 ICH. Kayan cikin ukun nan ba sa shiga juna, kuma mazaunin Solex da na Zenith ba ɗaya ba ne, sai da farantin da ke haɗa su. Tawa Zenith ce. Ka ɗauki hoton rubutun, sannan ka ɗauki hoton yadda wayar cok da sandar totur suka shiga kafin ka cire su, domin ranar mayarwa za ka manta.

Daga nan ka duba ko ma kana bukatar wata. Zenith tana da wata cuta da duk mai ita ya sani: zafi da yawan ɗaure noti suna sa murfin sama ya lanƙwashe kaɗan, mai ya riƙa zurara ta inda bai kamata ba. Akwai kuma wani ɗan zoben roba a tsakiya wanda ke bushewa ya tsage. Ni gilashin taga na samo mai kauri, na shimfiɗa sandifefa mai laushi a kai, na jiƙa ta, na riƙa goga fuskar murfin a hankali ina juya shi. Da farko gefuna kawai ke ƙyalli, tsakiya na nan da duhunta, alamar akwai rami. Sai da duk fuskar ta yi haske bai ɗaya na tsaya. Kusan awa guda na yi a kai, yarana na ta dariya wai Baba na wanke ƙarfe.

Sai ka kama sandar totur ka girgiza ta. In tana wasa, iska na shiga ta nan, kuma silo, wato aikin inji a hankali sa'ad da mota ke tsaye, ba zai taɓa zama ba ko wane jet (ɗan ƙusa mai rami da mai ke bi ta ciki) ka sa. Wannan aikin masu injin yankan ƙarfe ne, su yi mata sabon bushi.

Abin da ya rage na saye shi ne saitin gyara: gasket, zoben robar nan, da allurar da ke tsayar da mai. Lambar cikakkiyar kafiretar a littafin Land Rover ERC2886 ce, ka rubuta ta a takarda. Na fara da Panteka, na kuma aika Kofar Ruwa a Kano. Sabon saiti da wuya ka same shi a nan, amma tsofaffin kafiretoci suna nan jibge a buhu wajen masu yanka motoci. Ka tafi da taka a leda, ka jera su gefe da gefe. Na sayi matattu guda biyu da arha don kawai in ciro fulot (abin da ke yawo a kan mai yana daidaita yawansa) da ƙananan kusoshi. Amma ka karanta lambar da ke kan kowane jet, domin an sa wannan Zenith ɗin a wasu motocin Ingila irin su Vauxhall, kuma ramin jet ɗinsu daban ne.

Wani mai shago ya taɓa miƙo mini sabuwa fil a kwali, ya ce, "Alhaji, wannan asali ce, ka sa kawai ka tashi." Kwaikwayo ce. Ta yi wata uku, sai ta fara ambaliya. Ban ce duk na kwaikwayo banza ba ne, amma ni na fi yarda da tsohon gangar jiki da sabbin kayan ciki.

Saitin kirki daga Ingila na samo. Kamfanin Burlen da ke Salisbury shi ke yin kayan Zenith har yanzu, kuma masu sayar da kayan tsofaffin Land Rover ta intanet suna da shi. Ɗan ƙaramin ƙunshi ne, wani ɗan uwa ya sako mini a aljihun jaka. Ka yi odar biyu, ka adana ɗaya inda rana ba ta kai.

Kafin ka ɗora ta, ka wanke tankin mai ka sa sabuwar matata a layin. Tankin motata tsatsa ce cike da shi, kuma ita ce ta toshe mini jet mako guda bayan na gama duk wannan aikin, a kan hanyar Zariya, da azahar.