Ga masu fama da ciwon jijiyar ƙugu in sun zauna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu jin zafi daga ƙugu, ya bi ta ɗuwawu ya gangara bayan cinya har ƙafa, galibi babbar jijiyar sayatika ce ake dannewa. Shekara 3 ina fama, kuma tela ne ni, zama ne sana'ata.

Ku fara cire walat daga aljihun baya. Abin kamar wasa, amma yana karkatar da zama. Kujerar kushin mai lotsawa kuwa ku yi mata sallama, ta fi komai tayar min da ciwon. Ku nemi mai ɗan tauri, ku naɗe tawul ku sa a bayan ƙugu, gwiwa kada ta fi ƙugu tsawo. Duk minti 30 a miƙe a ɗan taka, ko da ana tsakiyar ɗinkin sallah. Kwanciya wuni guda ƙara sandarar da baya take yi.

Shan maganin ciwo Diclofenac kullum ba tare da shawarar likita ba, a kula, yana taɓa ciki da ƙoda.

In ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya dena jin taɓi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a tafi asibiti ranar nan. Allah ya ba mu lafiya.