Yadda ake zama nas, daga sayen fom zuwa bakin gadon mara lafiya

Da zarar sakamakon WAEC ya fito, wayata ba ta hutawa. Ko ƙawar mama ce, ko maƙwabciya, ko wani kawu daga ƙauye, tambayar dai guda ce: "Sista, yarinyar nan aikin asibiti take so, ina za mu dosa?" Amsar ta fi ƙarfin kiran waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Da ke zan yi magana ƙanwata, don mata sun fi yawa a aikin, amma maza na ciki, kuma hanyar ɗaya ce.

Mataki na farko: duba takardarki kafin ki sayi fom

Kiredit biyar ake nema, kuma ba kowane biyar ba: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Idan Fiziks ta ba ki D7, kada ki saurari mai cewa za a gyara a ciki. Koma ki sake rubutawa. Gara ki rasa shekara guda yanzu da ki gama karatu hukuma ta ƙi yi miki rajista.

Mataki na biyu: ki san wace makaranta ce ta gaske

Nan ne iyaye suka fi asarar kuɗi. Hukumar da ke riƙe da aikin jinya da ungozoma a Najeriya ita ce NMCN, wadda aka kafa a 1979. Ita ke amincewa da makaranta, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe ta ba da lasisi. Kafin a biya ko sisi, a nemi sunan makarantar a jerin da hukumar ta amince da su. Bayan kin shiga kuma, ki riƙa bibiya har ki tabbatar an tura sunanki hukuma an ba ki lambar ɗaliba. Makarantar da ta kwashi ɗalibai fiye da gurbinta, wasu za su zauna ne suna jira, ko da sun biya kuɗin makaranta cif.

Abu biyu ake yawan rikitawa. Zaman koyon allura a kemis ko a asibitin kuɗi, ko shekara goma aka yi ana sa farin kaya, ba ya mai da mutum nas, kuma hukuma ba ta san da shi ba. Na biyu, kwalejin fasahar lafiya da ke yaye ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda ake kira CHEW, makaranta ce mai daraja, su ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, amma hukumarsu daban, lasisinsu daban. Idan nas kike son zama, ba ƙofarki ba ce.

Ƙofofin jinya kuwa ga su. Akwai tsohuwar hanya ta shekara uku a makarantar jinya, a fito da shaidar RN, wato nas mai rajista, ko shekara uku a makarantar ungozoma a fito da RM, wato ungozoma mai rajista. Da yawa daga cikin makarantun nan yanzu sun koma kwaleji, ana shiga ta JAMB, a yi shekara huɗu a fito da ND da HND. Sai jami'a, shekara biyar don digirin BNSc, kamar yadda ake yi a ABU Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki kafin bautar ƙasa. A ganina, wadda ta samu makin JAMB kuma gida zai iya ɗaukar nauyi, ta tafi jami'a, don ƙarin girma ya fi zuwa mata da sauƙi. Sai dai kada ta raina 'yar makarantar jinya idan suka haɗu a bakin gado, don sau tari hannun waccan ya riga nata faɗawa.

Mataki na uku: tsallake watanni shida na farko

A makarantun jinya ana kiran wannan zango PTS. Karatun sassan jiki da yadda suke aiki ne ba sassauci, da koyon gyaran gado, da wanke hannu, da juya wanda ba ya iya motsi. A ƙarshensa akwai jarrabawar tankaɗe da rairaya, wadda ta faɗi sai gida. Ki rage yawon biki a watannin nan.

Mataki na huɗu: koyi lura, don nan aikin yake

Mutanen gari na ɗauka aikin nas allura ne da ƙarin ruwa. Allura kam cikin mako guda za a koya miki. Abin da ke cin shekaru shi ne ido. Likita zai zagayo da safe ya yi 'yan mintuna a gaban kowane gado ya wuce, ke ce za ki wuni ko ki kwana da mara lafiya. Idan jikinsa ya fara juyawa da ƙarfe uku na dare, ko ke ki gani, ko ba wanda zai gani sai an fara salati.

Abubuwan da ake aunawa ba su da yawa. Ga babban mutum, zafin jiki yana tsakanin 36.5 da 37.5, bugun jijiya 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, awon jini kusa da 120 bisa 80, iskar oksijin a jini daga kashi 95 zuwa sama. Sai fitsari: babban mutumin da aka sa wa robar fitsari, idan abin da ke taruwa a jaka ya gaza kamar mililita 30 a awa, akwai magana. Sai hayyaci. Ga wanda ya bugu a kai ana amfani da ma'aunin Glasgow da aka fito da shi a 1974, ana duba buɗe ido da magana da motsi, maki daga 3 zuwa 15. Yara lissafinsu daban: jariri ɗan wata biyu zuwa shekara guda, numfashi 50 a minti ya yi sauri; daga shekara guda zuwa biyar, 40.

Haddace lambobin nan ba wuya. Ga yadda ake aiki da su.

Numfashi shi ne wanda aka fi yi wa ha'inci, alhali sau da yawa shi ke fara tona asiri. Ki ƙirga minti guda cur da agogo. Kada ki ce wa mara lafiya za ki ƙirga numfashinsa, don nan take zai canza shi. Bayan kin gama jin bugun jijiya, bar yatsunki a wuyan hannunsa kamar ba ki gama ba, idonki na kan ƙirjinsa. Duk takardar da kika ga an jera 20, 20, 20 tun safe har dare, ba ƙirgawa aka yi ba.

Sannan kada ki kalli lamba ɗaya ita kaɗai, kalli inda ta dosa. Ina ɗaliba, a wani asibiti da ba sai na faɗi sunansa ba, aka bar ni da wata mai jego da aka yi wa tiyata da yamma. Awon jininta na nan 110 bisa 70, ni kuwa ina rubutawa hankalina kwance. Bugun jijiyarta 84, bayan rabin awa 96, can 112. Ta ce, "Malama, ƙishirwa nake ji," tana ta mutsu-mutsu. Sistar dare ta zo wucewa, ta kalli takardar ba ta ce min komai ba, ta taɓa tafin hannun matar ta ji sanyi da gumi, ta yaye bargo. Jini ya jiƙe zanen gado har katifa. Matar ta rayu, amma ranar na gane cewa jikin mai ƙuruciya yana iya riƙe awon jini ya ƙi sauka har sai jini mai yawa ya zuba. Bugun da ke hawa a hankali shi ne kiran farko, na gan shi da idona na rubuta da hannuna ban fahimta ba.

Shi ya sa akwai lokutan da ba a matsawa daga bakin gado. Wanda aka fito da shi daga tiyata ana auna shi duk bayan minti 15 a farko. Wanda aka ɗaura wa ƙarin jini, mintuna 15 na farko ido na kansa, idan ya fara rawar sanyi, ko ƙaiƙayi, ko ciwon baya, a tsayar da jinin a kira likita. Mai naƙuda ana sauraren zuciyar jaririnta duk rabin awa, ana so ta tsaya tsakanin 110 da 160. Mai ciki da ta ce kanta na sarawa, tana gani dishi-dishi, ki auna jininta yanzu-yanzu, kada ki jira jijjiga.

Kuma ki saurari mai jinya. Tsohuwar da ke shimfiɗa tabarma a gefen gado idan ta ce, "Yau dai ba haka yake ba," tashi ki je ki duba. Ba ta san lamba ba, amma ta san ɗanta.

Abin da kika gani, rubuta shi a lokacin, da sa'a da sa hannunki. Idan za ki kira likita kuma, kada ki ce "jikinta ya rikice" ki yi shiru. Ce masa: gado na shida, an yi mata tiyata ƙarfe biyar, bugu ya tashi daga 84 zuwa 112 cikin awa guda, hannunta da sanyi, ina so ka zo yanzu. Likitan da ke gyangyaɗi ma wannan zai tashe shi.

Mataki na biyar: jarrabawar hukuma da lasisi

Akwai ta kwamfuta, akwai ta gwaji inda za ki bi tasha-tasha kina nuna aiki da hannu, mai jarrabawa na riƙe da agogo. Wanke hannu da gaishe da mara lafiya da neman izininsa duk suna da maki, kuma a nan masu ƙoƙari ke zubar da su. Idan kin ci sai rajista da lasisi. Lasisin ba na har abada ba ne, duk shekara uku ake sabuntawa, bayan an halarci bitar ƙarin ilimi ta dole.

Mataki na shida: zaɓi ɓangare

Kada ki yi gaggawa. Yi shekara ɗaya ko biyu a ɗakin kwanciya na gama-gari, ki sha dutin dare, ki ga cuta iri-iri. Idan kin ga aikin sa ido shi ne ya dace da ke, ki nufi sashen kulawa ta musamman, ko ɗakin farfaɗowa bayan tiyata, ko sashen gaggawa, ko ɗakin jarirai bakwaini, ko aikin sa barci a tiyata. Kowanne yana da kwas na ƙarin ƙwarewa, yawanci shekara guda zuwa shekara guda da rabi. A arewa ba sai an yi nisa ba: jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kunne da hanci da maƙogwaro ma a Kaduna, taɓin hankali a asibitin Barnawa ko na Kware. A ɗakunan na'ura za ki tarar allo na nuna komai, amma ɗan abin auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa yana ruɗewa idan hannu ya yi sanyi ko mara lafiya na karkarwa, don haka duba mutumin kafin ki gaskata allo.

Albashi a asibitocin tarayya yana bin tsarin CONHESS, na jihohi kuwa kowace da ƙarfinta, na kuɗi sai yadda kuka yi da mai shi. Ki tambaya kafin ki sa hannu, har da alawus na dutin dare.

Ranar da za ki fara shiga ɗakin marasa lafiya, ki tafi da agogo mai hannun sakan, irin wanda ake maƙalawa a ƙirji don na wuyan hannu yana hana wanke hannu sosai, da biro shuɗi da ja, da ƙaramar tocila ta duba ƙwayar ido, da takalmi rufaffe marar tsini wanda za ki iya tsayuwar dare guda a cikinsa.